Zaren da ke aljihun Baba

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a gida, ina ajin farko na sakandare a nan Doha, kuma duk ajinmu babu wanda zai iya gaya maka yadda muryata take. Lafiyata ƙalau, kunya ce kawai. Da aka mayar da karatu ta kwamfuta sai na ji kamar don ni aka yi. In kashe kyamara, in kashe makirfo, in zauna ina kallon ɗakunan 'yan ajinmu. Na san wadda fankar gidansu ke ƙara, na san wanda kyanwarsu ke ratsawa ta bayansa, su kuwa sunana kawai suke gani a baƙin allo.

Malaminmu na tarihi ne ya ɓata mini shiri. Ba'amurke ne, mai son wasan besbol, wannan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki a sheƙa da gudu. Ya raba wa kowa batu, ya ce minti biyar-biyar za mu yi bayani, kyamara a kunne, kuma wanda bai buɗe baki ba ba shi da makin zangon. Da ya zo kan sunana sai ya ɗan dakata, ya ce, "Ke kuma tarihin filayen besbol. Ina son in ji muryarki kafin in tsufa."

Ni da ko kulkin ban taɓa riƙewa ba.

Mahaifiyata nas ce. A kwanakin nan takan dawo gidanmu na Madinat Khalifa da shatin takunkumi a kumatunta, ta wuce banɗaki kafin ta bari in matso. Da na gaya mata, daga bayan ƙofa ta amsa, "Ki tambayi babanki mana, ai shi ne mai filin wasa."

Mahaifina ma'aikacin na'urar sanyi ne. Yana cikin masu saka bututun iska a ƙarƙashin kujerun wani sabon filin ƙwallo da ake ginawa saboda gasar cin kofin duniya. Ranakun aiki a masaukin kamfaninsu da ke unguwar masana'antu ta Sanaiya yake kwana, kuma a can kullen ya rutsa da shi, babu shiga babu fita. Sai dai mu gan shi ta waya da yamma, yana zaune a bakin gado.

Na karanta masa abin da na kwafo. Shekara kaza aka gina wannan, shekara kaza aka rushe wancan. Ina cikin karantawa na ga ya yi hamma.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "wannan ko ni da na haife ki barci nake ji. Nuna mini hotunan."

Na fara da na farko-farko, waɗanda aka yi da katako. Ya kawo ido kusa da waya. "Katako zalla, ga mutane da taba a baki? Wannan ai itacen girki ne aka jera." Na ce masa haka ne, da yawansu gobara ce ta cinye su. Ya ce ba sai an gaya masa ba.

Na wuce zuwa na ƙarfe da siminti, masu bene. Ya ce in tsaya, in ƙara girman hoton. A can gefe akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ke riƙe da benen sama, kuma daidai bayansa ga kujera guda.

"Kin ga wannan? Mutum ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya zo ya wuni yana kallon ƙarfe. Ni duk filin da na shiga, kujerar da ta fi kowace muni nake fara nema in zauna. A nan nake gane ko maginan sun tuna da mutane."

Haka muka yi ta yi kullum. Da na nuna masa manyan nan masu zagaye, waɗanda aka yi don wasa iri biyu da ciyawar roba, ya ce an cire ginshiƙi amma an kai ɗan kallo nesa, sai ka ce daga jirgin sama yake leƙe. Masu rufin da ke buɗewa ya rufe sun burge shi har ya tafa. Da ya ga an dawo ana gina sababbi da jan bulo don su yi kama da tsofaffin, dariya ya yi, ya ce ɗan Adam ke nan, ya rushe abu sannan ya yi kewarsa. Ya ba ni labarin filin da ya fara shiga a Kaduna yana yaro, dakalin siminti a tsakiyar rana, da kwalin da suke shimfiɗawa don kada ya ƙona su.

Ranar ƙarshe na nuna masa hoton wasan da ake yi a lokacin, babu 'yan kallo, an jera hotunan mutane na kwali a kan kujeru. Abokin ɗakinsa, wani direba Basakkwace, ya leƙo ya ce, "To injiniya, khalas, shi ke nan, aikinka ya ƙare. Kwali ba ya jin zafi."

Baba bai yi dariya sosai ba. Ya zaro wani farin zare daga aljihu, ya nuna mini. Ya ce duk bututun da ya saka, sai ya zauna a kujerar, ya sauke zaren nan daidai ƙafarsa. Idan zaren ya yi rawa, iska na fitowa ke nan, sai ya wuce gaba. Akwai na'urar awo, amma shi bai yarda ya tashi ba sai zare ya shaida. "Mutane za su dawo, Uwata," ya ce. "Ba kwali nake yi wa ba."

Ranar bayani, da na kunna kyamara, duk shekarun da na haddace suka gudu. Na ƙura wa allo ido har malam ya tambaya ko intanet ne ya yanke. Abin da ya rage a kaina hoton ginshiƙin nan ne kawai. Na ɗora shi, na ce da wata murya kamar ta sauro, "Wa zai yarda ya zauna a nan?" Aka fashe da dariya. Wata ta ce, "Ashe tana magana!" Daga nan na bi filayen ɗaya bayan ɗaya ta kujerar da ta fi muni, yadda Baba ya yi. Malam ne da kansa ya tsayar da ni, wai na wuce lokaci. Na samu makina.

Bayan shekara biyu da wani abu gasar ta zo. Baba ya kai ni wani wasan rana a filin da ya yi aiki. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Babu ginshiƙi ko ɗaya a gabanmu, rufin ya lanƙwaso kamar yana yi mana inuwa da hannu, ga tutoci, ga ganguna, ga mutane na gaske a kowace kujera. Rana na sama, amma wani sanyi na lasar idon sawuna.

Ana tsakiyar wasa na waiga, sai na ga Baba ya duƙa, kansa a ƙarƙashin kujera, zare a hannu. Wani mai gadi ya hango shi, ya nufo mu fuska a ɗaure, yana tambaya da Turanci me yake sakawa a wurin. Baba bai ji ba saboda ihu. Mai gadin ya kai hannu ga rediyonsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Babana ne ya saka wannan iskar!" na ce, da ƙarfin da har na layin gaba suka juyo. "Dubawa yake ko tana aiki!"

Mai gadin ya dube ni, ya dubi zaren da ke ta rawa. Ya durƙusa ya kai tafinsa bakin bututun, ya ɗan jima, sannan ya miƙe ya ba Baba hannu. Baba ya karɓa yana tambayata da Hausa, "Me ya faru? An ci ne?"

Har yau ni mai kunya ce, kada ku ɗauka na canja. Amma duk inda na shiga, ko aji ko ɗakin taro, idona kan tafi kujerar can baya ta kusurwa, in tambayi kaina wa ya tuna da mai zama a kanta. Zaren kuwa yana cikin littafina na tarihi. A hanyar gida Baba ya ba ni shi, ya ce tunda ni ce na yi masa lauya, in riƙe shaidar.