Zumar da Ta Kashe Auren Yayana

Yayana tela ne. A layinsu ba wanda ya kai shi iya fitar da wuyan riga, ba kuma wanda ya kai shi taurin kai. Shagonsa ɗan tsukut ne, keken ɗinki ɗaya da dutsen guga, sai wani dogon benci a bakin ƙofa da abokansa ke wuni a kai suna gyara duniya da baki.

Da ciwon sukari ya kama shi, matarsa ce ta tsaya a kansa. Ita ke hana shi shayi mai zaƙi, ita ke miƙa masa ƙwaya da ruwa kafin ya fita. Sun daɗe tare, ban taɓa jin kansu ba. Ana nan sai ciwon ya taɓa shi inda namiji ba ya so a ji labari, ya kasa kusantar iyalinsa.

Maimakon ya koma wurin likita, sai ya kai zancen benci, wai matsalar wani abokinsa ce. A bencin nan kuwa kowa likita ne. Suka yanke hukunci cewa ƙwayar asibiti ce ke kashe maza, wani makanike ya kawo masa garin magani kwaɓe da zuma. Zuma fa, ga mai sukari. Yaya ya riƙa karɓar ƙwaya a hannun matarsa yana zubarwa a aljihun keke, yana lasar zumarsa safe da yamma.

Abu ya ƙara lalacewa, haushin ya koma kanta. Ya ƙaura falo da kwana, abinci ya daina yi masa daɗi, gaisuwarta ma ta zama laifi. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Ya tara yayyenta ya ce ta raina shi, ba ta da tarbiyya, ya sake ta. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Bayan wata biyu ya yanke jiki ya faɗi a kan keke, ni na kai shi asibiti. Likita ya yi masa tambayoyi har ya kai ga wadda yake gudu. Ya bayyana mana cewa sukarin da aka bari ya hau ne ke lalata jijiyoyi, ba ƙwayar ba, kuma in aka daidaita shi akwai taimakon da za a iya yi. Yaya ya juyar da fuska bango. Da muka fito ya roƙe ni in je biko.

Na same ta a gidan babban wanta tana shanya. Na yi ta kewaye-kewaye har ta katse ni.

"Kana tsammanin ban sani ba? Ni da muke ɗaki ɗaya? Shiru na yi don kada ya ji kunya, ina jira ya buɗe baki mu tafi asibiti tare."

Na ce to ta yi haƙuri ta dawo, tun da lalura ce.

"Lalurar ai na zauna da ita, kuma da zan zauna har mutuwa. Amma ya gwammace a ce ni ce marar tarbiyya da a ce shi ne marar lafiya. To, ya riƙe abin da ya zaɓa."

Ta ci gaba da shanyarta. Da na shawo kwanar layin su Yaya na hango shi tsaye a bakin shago, ya yi aski ya sa sabuwar riga, yana leƙen bayana.