Yadda Ƙanena Ya Sami Sunan Lin

Wata Asabar ce da hantsi, cikin watan Satumba na shekarar 2005 idan lissafina bai kuskure ba, ruwa ya ɗauke ke nan ƙasa tana tururi, sai ga Malam Lin ya shigo gidanmu a Nukkai, gefen Jalingo, da dashen mangwaro biyu, ɗaya a kowane hannu, saiwoyinsu a naɗe cikin baƙar leda. Takalmansa na roba sun sha laka har ƙwauri. Kaka ta tura masa kujera, bai zauna ba. Ya jingine dashen a jikin rumbu, ya tsuguna a tsakar gida, ya tsinci guntun kara ya fara zane a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, na ƙi matsowa, domin ni kaɗai na san cewa kwana huɗu ke nan ina ɗauke da ƙarya a kan mutumin nan, kuma ga dukan alamu ranar tonuwarta ta zo.

Malam Lin mutumin ƙasar Sin ne, ɗaya daga cikin malaman gona da aka kawo Jalingo a shekarun nan su koya wa manoma aikin shinkafa. Ban san wanda ya kawo su ba, kuma ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da na gani da idona shi ne wani siririn mutum mai faffaɗar malafa da kwalbar ruwan zafi mai ganye a ciki, wanda ya zo fadamar da Baba yake noma ya ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce a riƙa dasa shinkafa layi-layi maimakon a watsa iri kamar yadda aka gada. Manoma sun yi masa dariya sosai a damina ta farko. Maƙwabcinmu na gona yakan ce, "Ɗan Caina yana so shinkafa ma ta shiga makaranta, ta yi layi." Baba ne kaɗai ya ba shi fegi ɗaya ya gwada, ba don ya yarda ba, ina jin don dai baƙo ne kuma Baba ba ya iya ce wa baƙo a'a. Da lokacin girbi ya zo fegin nan ya kunyata sauran gonar. Daga nan suka zama abokai, irin abotar da babu hira a cikinta, sai nuni da hannu da raba gasasshiyar doya a ƙarƙashin ɗorawa.

Babu hira ne saboda babu harshe. Baba Mumuye ne, da yarensu da Hausar kasuwa da ɗan Fillanci ya tashi, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Malam Lin kuma Turancinsa guntu-guntu ne, Hausarsa kalma uku ce: sannu, ruwa, da gobe. Ni ina aji biyar na firamare, shekarata goma, kuma an ce na fi kowa Turanci a ajinmu, ko da yake yanzu ina zargin tsoron bulalar masu yin yare a aji ne ya sa na fi kowa ƙoƙari. To haka na zama tafinta. Da asuba in ɗebo ruwa a rijiya in cika randunan Mama, in share tsakar gida, in ɗauki tsintsiyata ta makaranta in tafi. In an tashi, ƙawayena su zauna carafke da 'yar gala-gala a inuwar cediya, ni kuwa in wuce fadama da gwangwanin korar tsuntsaye, in tsaya tsakanin manya biyu ina juya magana. Ina jin daɗin aikin, ina kuma jin tsoronsa. Kalmar da ban gane ba nakan kwana ina juya ta a rai, ina tunanin ko na sa Baba ya zuba taki a lokacin da bai kamata ba.

A daminar nan ne Mama take da cikin ƙanena. Naƙuda ta kama ta ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ana tsakiyar ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar unguwarmu ta zama rafi, babu ɗan acaɓan da ya yarda ya shigo. Kaka da ta karɓi haihuwa ba iyaka ta duba ta ce wannan ta fi ƙarfinta. Baba ya fita a guje, ya dawo a cikin akori-kurar Malam Lin. Inda motar ta kasa shiga, su biyu suka ɗauki Mama a kan tabarma suka ratsa ruwa da ita. An ce a asibiti da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, amma haka Mama take faɗa har yau.

A wurinmu, wanda ya yi maka irin wannan, hanyar gode masa a fili take: ka yi masa takwara. Ni kaina sunan wata unguwarzoma aka sa mini, Rifkatu. Baba bai yi shawara da kowa ba. Kafin rana ta faɗi ran Litinin ya gaya wa Fasto, ya gaya wa matan zumunta da za su yi girki, ya aika ƙauye wajen Zing cewa Lahadi mai zuwa za a miƙa yaro a coci da suna Ishaku Lin. Sai ranar Talata ya tuna mai sunan bai sani ba, ya ce, "Rifkatu, je ki gaya wa abokina ya yi takwara. Ki faɗa da Turanci mai kyau."

Na same shi a bakin fegi yana auna tsawon zangarniya. Na faɗa da Turanci mafi kyau da nake da shi, ina jiran ya yi murna. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya kaɗa hannu ya ce a'a har sau uku, ya dafa ƙirjinsa ya yi wata magana mai tsawo wadda abin da na tsinta a ciki kawai shi ne "iyali" da "ba nawa ba ne". Na koma gida ina tafe ina tsayawa. Na tarar da Baba yana gyaran rumfar baƙi yana waƙar coci, an riga an ɗaure akuya a gindin gwanda. Ya ɗago ya ce, "Me ya ce?" Na dubi akuyar, na dubi Baba, na ce, "Ya ce to."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. Na daina bin hanyar fadama, na ce ƙafata ke ciwo, tsuntsaye suka yi biki a gonar. A makaranta malama ta tambaye ni babban birnin jiharmu na kasa cewa Jalingo, ina zaune a cikinta. Kullum abin da nake hange shi ne Fasto ya ɗaga jariri a gaban jama'a ya kira suna, Malam Lin ya miƙe daga benci yana kaɗa hannu, mutanen ƙauye suna kallon Baba. Kaka ta lura, ta taɓa goshina ta ce, "Yarinyar nan ba zazzaɓi ne ba, magana ce ta haɗiye."

Shi ya sa ranar Asabar ɗin da ya shigo da dashen mangwaro na so ƙasa ta tsage. Baba ya fito yana murna, ya kira ni in zo in yi aikina. Malam Lin ya dube ni ya yi magana a hankali, kalma-kalma, don in gane. Jimlarsa ta farko ita ce: ranar Talata na gaya wa 'yarka a'a. Ya tsaya yana jira in juya. Babu wanda zai kama ni da na sake wata ƙaryar, wannan na sani sarai, kuma ba zan ce ban yi tunaninta ba. Amma na gaji. Na ce, "Baba, ya ce ranar Talata ya ce mini a'a. Ni ce na ce maka ya ce to." Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe tafintar tawa tana cin rabin saƙo a hanya. To juya sauran, kada ki ci ko ƙwaya."

Sauran shi ne zanen da ke ƙasa. Malam Lin ya ja layi a tsaye, ya gicciya masa wani, ya sauko da ƙafafu biyu kamar saiwa. Ya ce wannan a rubutunsu itace ke nan. Ya zana wani irinsa daf da shi, ya ce itace biyu a jere kurmi ke nan, kuma shi ne Lin. Ba sunansa na yanka ba ne kamar yadda muka ɗauka shekara biyu. Sunan gidansu ne, su a gaba suke sa shi, na kansa yana biye, mu kuwa ba mu taɓa tambaya ba. Na ubansa ne da kakansa, yana rubuce a wani littafin zuriya da ake ajiyewa a ƙauyensu. Ya zana wani abu kamar ƙwarya ya ce ƙasarsu ce, ya soka karan a gefen kudu maso gabas, bakin teku, ya ce Fujiyan, can ne garinsu, kuma can in ka tsaya a kasuwa ka kira Lin rabin kasuwa za ta waiwayo. Ya ɗiga wani tsibiri a tsallaken ruwa, ya ɗiga wasu wurare can ƙasa, ya ce duk akwai su, jiragen ruwa sun kai su tun zamanin kakanni. Abin da ya firgita shi ranar Talata, in na fahimce shi daidai, abu biyu ne: a wurinsu sa wa jariri sunan babba rashin kunya ne, ba girmamawa ba, sannan sunan gida ba kyautar mutum ɗaya ba ce da zai ɗauka ya bayar.

Baba ya saurara har ƙarshe, kunya ta kama shi, ya ce in gaya wa abokinsa ya yi haƙuri, za a canja, ko da mutanen ƙauye za su yi ta magana. Malam Lin ya sake kaɗa hannu, wannan karon yana dariya. Ya ce ya hau tudu inda waya take kamawa ya kira tsohonsa a gida, domin shi ne mai iko da sunan. Tsohon ya tambaya ko yaron lafiyayye ne, ko uwar ta tashi. Sannan ya ce ai kurmi ba ya korar sabon tsiro, amma suna ba ya tafiya shi kaɗai, a dasa wa yaron itatuwansa biyu a gidan ubansa don ya san abin da yake ɗauke da shi. Kaka da aka juya mata ta ce, "Wannan tsoho Mumuye ne, bai sani ba ne kawai."

Ni aka sa na haƙa ramukan, wai ladan cin saƙo, kuma ni aka ɗora wa ban ruwansu har rani biyu. Washegari Fasto ya kira Ishaku Lin, Malam Lin yana bencin gaba cikin rigar atamfa da Mama ta sa aka ɗinka masa, hannayen sun yi masa yawa. Bai miƙe ba sai da aka miƙa masa jaririn. Bayan damina ɗaya ya koma ƙasarsu. Ya bar mana lambar waya a takarda, takardar ta jiƙe a wata ambaliya, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da na shiga jami'a na bi diddigin abin da ya zana mana, don ina tsoron kada ya zamana na ci wani rabin saƙon ban sani ba. Iyakar abin da na karanta bai saɓa masa ba. Sunan ya fi yawa a kudancin ƙasar, a Fujiyan da Taiwan da Guwangdon, kuma a ƙasashen da mutanensu suka yi ƙaura akan ji shi Lim ko Lam, gwargwadon harshen yankin. Akwai ma labarin da suke bayarwa cewa kakan zuriyar a cikin kurmi aka haife shi, lokacin da uwarsa take gudun wani azzalumin sarki. Ko tarihi ne ko tatsuniya, ban isa in yanke ba.

Yau Nukkai ta cika, fadamar Baba rabinta gidaje ne, yaran unguwa kuma ba su san gwangwanin korar tsuntsaye ba. Ishaku ya zama saurayi, kowa Lin yake kiransa, kuma ya gaji da bayani a duk inda ya cika takarda. Mangwaro ɗaya ya tafi lokacin da aka faɗaɗa hanya aka ja mana katanga. Mama ta ce an mayar mata da ɗa itace ɗaya. Bara da damina Ishaku ya kawo sabon dashe ya sa a gefen tsohon, bai kai gwiwata ba tukuna. Duk ran da na je gida nakan ɗebi ruwa in zuba masa, ko da an yi ruwan sama, ina tunanin Malam Lin, yanzu dattijo a bakin teku, wanda wataƙila bai san kurminsu da ya kai Jalingo yana nan da rai ba. Da zan same shi, wannan saƙon ba zan ci ko ƙwaya ba.