Garen Taya a Rumfar Andarawus

Andarawus mai faci ya shekara talatin da huɗu a bakin hanyar Rijau, shi da bahon ruwansa da injin iska mai yawan tari. Ba ya son dogon zance. Idan direbobi suka cika bencinsa suna cewa yaran zamani sun lalace, waya ta cinye su, shi dai tiyub yake dannawa cikin ruwa yana neman kumfa. Abin da ya sani, tun da ya kafa rumfar nan tsohuwar tayar babur ba ta taɓa kwana biyu a wurinsa ba. Yara ke kwashewa su yi gare.

Hutun bana 'yarsa Eunice, ma'aikaciyar jinya a Minna, ta kawo masa jikarsa Jessica, 'yar shekara takwas, da sharaɗi.

"Baba, kada ta wuce bakin rumfa. In na ji ta fita, ranar zan ɗauke ta."

Sau ɗaya yake ganin yarinyar a shekara, don haka ya ce to. Kwana uku tana zaune a benci kamar mai jiran faci. A na huɗu ya gaji da kallonta. Ya zaɓo taya marar nauyi, ya fere mata sanda.

"Amarya, iyakarki mangwaron can. Kika wuce, na sake ki."

"Dama wa ke son tsoho mai baƙin hannu?" in ji ta.

Ran Asabar Eunice ta sauko daga keke napep ba sanarwa, daidai lokacin da Jessica ta ɓullo daga can bayan mangwaron cikin yara bakwai, ba takalmi, gwiwa a ƙuje.

"Je ki haɗo kayanki," in ji Eunice.

Andarawus bai roƙe ta ba. Ya nuna tabon da ke haɓar Eunice.

"Wannan a ina kika samo shi?"

Ta shafa tabon. A kwalbatin kasuwa ta samo shi tun tana yarinya, tana bin taya.

"Lokacin babu babura haka, Baba."

"Gaskiya ne. Shi ya sa na sa mata iyaka. Ke ma na sa miki."

Dariya ta ƙwace wa Eunice. Da ta ga ya ɗebo ruwan baho zai wanke wa yarinyar ciwo, sai ta riƙe hannunsa, ta ciro auduga daga jaka ta durƙusa.

"Ta zauna har ƙarshen hutu," ta ce tana gogewa. "Amma da takalmi."