Duna da Tsohon da Ya Biyo Karsanarsa

Har yau ban manta da hantsin wata Lahadi ba, ranar da karen da nake riƙo ya doshi wani dattijo a filin shanya, ni kuma ina tsaye can nesa da igiya a hannu, babu kare a jikinta. Ku da kuka shigo aikin gadi yanzu, musamman waɗanda za a ba ku karnuka, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina, don na ji ana ba da labarin a bakin ƙofa har an mai da ni gwani. Ba haka aka yi ba.

A lokacin ni ne shugaban masu gadi a wani kamfanin casar shinkafa da ke tsakanin Kura da Bunkure. Tsarin wurin mai sauƙi ne: manaja a sama, sai ni, sai masu gadi biyar da ke karɓa-karɓa. Gaban kamfanin titi ne. Bayansa akwai babban filin siminti inda ake shanya shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga nan sai shingen waya, sai kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki. Kafin in zo nan na yi shekaru a wani kamfanin tsaro a birni, a can na koyi riƙon kare. Shi ya sa da mai kamfanin ya sayo ɗan kwikwiyo, ni aka danƙa wa.

Na sa masa suna Duna saboda baƙin fuskarsa. Jinsinsa shi ne wanda masu sayarwa ke kira bowabul, karnukan gona ne na Afirka ta Kudu, masu faɗin ƙirji da ƙaton kai. Kowane jinsi da halinsa. Wanda muke kira karen 'yan sanda yana son a sa shi aiki, idonsa kullum yana kan mai shi. Bowabul ba haka yake ba. Shiru-shiru ne, ba ya yawan haushi, sai ya wuni a kwance kamar rago, amma wurin da ya tashi ya ɗauke shi nasa ne, kuma shi yake zaɓar wanda ya yarda da shi. Yana ƙarami kowa abokinsa ne, da ya doshi shekara biyu sai ya fara tantance mutane. Wannan hali ba ni na koya masa ba, da shi aka haife shi. Abin da na koya masa kalmomi huɗu ne: zo, zauna, tsaya, saki. Kullum da sassafe nake maimaita masa su. In ya yi daidai in ba shi guntun busasshen nama, in ya ƙi in hana shi. Ban taɓa dukansa ba.

Manajanmu, Alhaji Kabiru, bai gamsu da hakan ba. Wata rana ya kira ni ofis.

"Malam Sabi'u, karen nan naka ba ya tsorata kowa," ya ce. "Jiya direbobi suka wuce ta gaban kejinsa, ko kai bai ɗaga ba. A gidan wani abokina kulle nasu suka yi a ɗaki mai duhu, ana zuba masa barkono a abinci. Yanzu ko mai gidan ba ya iya kusantarsa."

Na ce, "Yallaɓai, in mai gidan ba ya iya kusantarsa, wa zai tsai da shi ranar da ya kama wanda bai kamata ba? Barkono ba ya sa kare jarumta, ciki yake ƙona masa. Duhu da duka kuma tsoro suke cusa masa, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizon kowa."

Ya ce shi ba lacca ya tambaye ni ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko Duna ya yi zafi ko a musanya shi da wani.

Sakin kare a cikin harabar yana da ƙa'ida, ni kaina na rubuta ta na liƙa a ɗakin masu gadi. Da farko mai riƙon kare zai kewaye shinge da ƙafarsa, ya tabbatar babu ɓaraka. Sannan ya busa usur sau uku, mai gadin ƙofa ya rufe ya amsa masa. Sai bayan nan ake cire igiya.

Ranar Lahadin nan inji ba ya aiki, ma'aikata ba su zo ba, filin shanya fayau. An gama yankan shinkafar rani, makiyaya sun sako shanu a ƙetaren kanal suna cin karmami. Na busa usur, aka amsa mini. Shingen ne ban kewaya ba. Na ce a raina, abin da na duba jiya da yamma, me zai same shi zuwa safe? Na cire wa Duna igiya, ya yi ta zagaye yana sansane-sansane, ni kuma na tsaya a inuwar sito.

Ashe a kusurwar yamma ruwan kanal ya zaizaye gindin dirka, wayar ta kwanta. Wata karsana ta ji ƙamshin ɓuntun da muke tarawa a nan, ta tsallako. Mai ita, wani dattijo siriri da malafa da sanda, ya biyo ta don ya kora ta.

Duna ya riga ni ganinsa. Bai yi haushi ba, kuma wannan ne ya tsinka mini zuciya. Ku riƙe wannan: kare mai haushi gargaɗi yake yi, yana ba ka damar komawa. Amma in ya rufe baki, ya sandare, wutsiya ta miƙe, nauyinsa ya koma ƙafafun gaba, to ya gama shawara. Kafin in ɗaga ƙafa ya zabura.

Na ƙwala masa "tsaya". Ko waiwaye bai yi ba. Daga baya na gane dalili: muryar da ta fito daga bakina ta mai firgici ce, siririya, ba wadda ya sani da safe ba. A kunnensa ma kamar ƙara zuga shi na yi. Na bi shi da gudu, amma tsakanina da su ya kai tsawon filin ƙwallo, ni kuwa na haura hamsin.

Abin da tsohon nan ya yi shi ya ceci ranar. Bai gudu ba. Ya saki sandarsa ta faɗi, ya juya wa karen gefe, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Duna ya iso da duk ƙarfinsa, sai ya tarar da abin da ba ya gudu kuma ba ya faɗa. Ya ɗan ja burki, sannan ya cafki hannun rigar da ke reto, ya riƙe yana gurnani.

Na daina gudu, don kare in ya ga mai shi na rugowa sai ya ɗauka taimakon faɗa ya zo. Na ja numfashi, na nemo muryar safe.

"Duna. Saki."

Bai saki ba, amma idonsa ya juyo gare ni, kunnensa ɗaya ya motsa.

"Saki."

Na ga muƙamuƙinsa ya sassauta, rigar ta zame. Na ce masa ya zauna, ya yi rabin zama. Na ƙarasa a hankali, na maƙala igiya, na kai shi na ɗaure a jikin ƙarfen sikelin awon shinkafa, sannan na dawo.

Na naɗe wa dattijon hannun riga na duba tun daga wuyan hannu har kafaɗa, na juya na sake dubawa. Rigar ta yage, fata kuwa ko ƙwarzane babu. Da haƙori ya taɓa shi, ƙa'ida ita ce a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti nan take, a fito da katin rigakafin karen, a kuma tsare karen kwana goma ana lura da shi. Kuma ba zancen asibiti kaɗai ba ne. Kun san yadda zama yake tsakanin masu gonaki da masu shanu a lokacin karmami, ƙaramin abu yake zama babba. A ce karen kamfani ya yayyaga dattijon ruga, ban san inda maganar za ta tsaya ba. Da na tabbatar lafiya yake, sai na zauna a kan buhu ina ta hamdala.

"Ɗana, kai ne za ka sha ruwa," in ji shi. "Ka fi ni firgita."

Sunansa Baffa Gidado, rugarsu tana ƙetaren kanal, sun daɗe da zama a nan suna noma suna kiwo. Na ba shi haƙuri, na tambaye shi wa ya koya masa irin wannan tsayuwa.

"Da karnuka na tashi," ya ce. "In ka gudu ka zama zomo, in ka ɗaga sanda ka zama abokin faɗa. Sai dai ka zama itace. Amma ni ma ƙirjina ya buga, ban taɓa ganin kare mai kai kamar turmi ba."

Ya ɗauki sandarsa, ya tsaya yana nazarin Duna daga nesa.

"Karenka ba mugu ba ne. Da mugu ne ba riga zai kama ba. Sai dai bai san maƙwabta ba. Namu tare da maruƙa suke tashi, sun san kowa a ruga, sun san mai zuwa sayen nono da mai kawo dusa, shi ya sa suke gane baƙo na gaske. Naka kowa baƙo ne a wurinsa."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na koya wa Duna jin maganata, amma duniyarsa keji ce da filin siminti. Na ce wa Baffa ya bar mini rigar in kai a ɗinke, ya ce matarsa ta iya allura. Abin da ya roƙa ɗaya ne, mu gyara wayarmu, don karsanarsa ta ga hanya, za ta dawo.

Washegari na kai wa manaja rahoto a rubuce, har da cewa ban kewaya shinge ba. Ya karanta sau biyu.

"Ka san wannan zai ja maka takardar gargaɗi?"

"Na sani, yallaɓai."

Ya ce, "Da bai saki ba fa?"

"Da ba a ofis muke wannan magana ba."

Na karɓi takardata ta gargaɗi, ita kaɗai ce a fayil ɗina har na ajiye aiki. Aka kafa sabuwar dirka da siminti. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Alhaji Kabiru bai sake tayar da zancen musanya ba, ni ma ban tuna masa ba.

Daga makon na fara fita da Duna bayan la'asar, da takunkumi a baki da igiya a hannuna, mu bi bakin kanal. Mu wuce masu ban-ruwan albasa, mu wuce 'yan babur da masu lodin tumatir, mu tsaya nesa da shanu har ya gaji da kallonsu. Da farko duk wanda ya gifta sai ya sandare. Sannu a hankali ya koyi cewa mutum na iya wucewa ba tare da ya zo ɗaukar komai ba. Gadinsa bai ragu ba, sai ma ya daina ɓata ƙarfinsa a kan kowa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, zafin kare ba abin nema ba ne, irin waɗannan da shi ake haifarsu. Aikinku shi ne ku iya dawo da shi da murya, kuma muryar ba za ta yi aiki ba sai kun mallaki kanku tukuna. Ku kuma sani, mafi yawan waɗanda za su ƙetaro muku shinge ba ɓarayi ba ne. Mai neman akuyarsa ne, ko matar da ta yanke hanya, ko manomin da ya zo roƙon ruwan sha. Don su ake kewaya shinge, ko da an kewaya jiya. Ni Allah ya rufa mini asiri, ya haɗa ni da tsohon da ya fi ni sanin kare. Ba kullum ake dacewa da irinsa ba.