Littafin 'Yar Fasto a Makarantarmu ta Zahir

Har yau ban manta da ranar da mahaifin Rahma ya zo makaranta nemana ba. Lokacin ina sabuwar malamar Turanci a wata ƙaramar makarantar 'yan mata a unguwar Zahir da ke Makka, cikin watannin gwaji, wato ƙorafin uba ɗaya ya isa a sallame ni. An dawo daga hutun Hajji ke nan, kowa a gajiye, don rabin malaman sun yi aikin rabon abinci a Arfa.

Mudira, shugabarmu, ta sayo kwalin tsofaffin littattafan labarai na Turanci daga Jidda. Ƙa'idarmu ita ce, kafin littafi ya hau kanta, malama ta karanta shi, ta shafe da baƙin alƙalami duk abin da ya saɓa wa aƙida, kamar hoton gicciye ko addu'ar coci. Aikin ya faɗo kaina.

A ciki akwai labarin wasu 'yan mata biyu da uwarsu ta yi jinya har ta rasu. A bangon baya an ba da tarihin marubuciyar: 'yar wani fasto ce a ƙauyen Ingila, ta rasa uwa tana ƙarama, ba ta yi aure ba, ta ƙare tana jinyar mahaifinta, tana rubutu a gefen gadonsa. Na daɗe ina juya littafin. Wataƙila da mayar da shi kwali ya fi, amma Turancinsa mai sauƙi ne, littattafanmu kuma kaɗan. Na shafe abin shafewa, babin rasuwar ya koma kusan rabinsa baƙi.

Rahma ce ta fara aronsa, 'yar aji shida wadda mahaifiyarta ta rasu kafin azumi. Ba ta magana a aji sai an tambaye ta. Bayan kwana biyu, da aka tashi tara, ta same ni, ta kira ni Abla, yadda ake kiran malama a can.

"Abla, me uwar ta ce musu? Kin shafe wurin."

"Addu'ar addininsu ce, habibti."

"Duka?"

Ba duka ba ne. Maganar uwar a cakuɗe take da addu'ar, ban iya raba su ba. Na dubi ƙofa, sannan na ce, "Ta ce wa babbar ta riƙa taje wa ƙanwarta kai, kada ta ja da ƙarfi." Na ƙara da cewa marubuciyar Kirista ce, ita ma marainiya.

"Su ma haka suke kuka?"

"Ina jin haka ne."

Mako na gaba Mudira ta kira ni. "Abu Rahma na ƙofa, ke yake nema. Me kika yi, ya binti?"

Maza ba sa shiga makarantar, don haka daga bayan ƙofa muka yi magana, Mudira na tsaye kusa da ni. Direban bas ne, muryarsa ba ta gama dawowa daga jigilar Muzdalifa ba.

"Ke kika ba 'yata littafin Nasara?"

"Ni ce, Abu Rahma, amma an tace shi, kuma a iya sanina, wato..."

"Abla, dakata, na gaji. Tun rasuwar uwarta ba ta ambace ta ba. Jiya na tarar ta zaunar da ƙanwarta tana taje mata kai, tana gaya mata yadda uwarsu ke yi. Ni ban san Turanci ba. Ba ki koya mata addu'arsu ba?"

"Wallahi ban koya mata ba."

"Halas, shi ke nan. Amma littafin kada ya sake zuwa gidana, maƙwabta na da ido."

Mudira ta mayar da littafin kwali da hannunta. "Yau kin tsira," in ji ta. "Uba na gaba ba lallai ya zama irinsa ba." Ƙarshen zango aka tabbatar mini da aikin. Ban yi murna sosai ba, barci kawai na samu.

Abin da na koya, in har daidai na koya, shi ne wurin da aka rufe nan idon yaro ke fara zuwa, don haka malama ta tanadi amsa tun kafin a tambaye ta. Iyayen da muke tsoro kuwa, yawancinsu gajiyayyun mutane ne, su ma akwai wanda suke tsoro. Idan aka ce uba na ƙofa, ku bari ya gama maganarsa tukuna.