Zogalen Yaya Hanne

Bana shekara arba'in ke nan, in ban yi kuskuren lissafi ba, da rasuwar yayata Hanne a ƙauyenmu kusa da Badafi. Ta rasu da ciki wata bakwai.

Haihuwarta ta fari namiji ne. Ya zo da wani ƙulli a gadon baya, fatar wurin a buɗe, ƙafafunsa ba sa motsi. Bai kai suna ba. Goggonmu ta ce ai dama an sha ganin Hanne da rana tsaka a bayan gida, gindin zogalen da ta dasa, tana tsinkar ganye tana ci ɗanye. Wa ke fita da rana tsaka da ciki, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo? "Ba kwaɗayi ba ne," in ji Goggo, "kiran ta ake yi."

Da ta sami ciki na biyu sai aka tsare ta, don ƙauna. Aka ɗaura mata ƙusa a bakin zane. Aka hana ta bayan gida, aka hana ta duk wani ɗanyen ganye. Sai tuwo da miyar kuka da ta sha kanwa ta daɗe a wuta. Ina tuna yadda tafin hannunta ya yi fari fat, ƙafafunta suka kumbura. Takan zauna ta zuba wa danga ido, daidai inda rassan zogalen ke leƙowa, bakinta na motsi kamar mai tauna, alhali ba komai a ciki.

Ni ba likita ba ne, aikin gona na karanta a jami'a, don haka ina taka-tsantsan. Amma masana sun ce akwai wani sinadari, folik asid, a koren ganye da wake da hanta, wanda mai ciki ke buƙata sosai don jini, kuma rashinsa a makonnin farko kan iya hana bayan jariri rufewa. Doguwar dahuwa tana kashe shi. Ban ce rashinsa ne ya kashe Yaya ba. Ajali ba ya wuce ranarsa. Wataƙila ma ganyen da take ci bai isa ba. Sai dai ina zargin jikinta ne ke kiran ta, mu kuwa muka gudu daga inuwa muka faɗa rana. Da za ta ga 'yar ƙwayar da ake ba mata a asibiti yanzu, ban san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

An sare zogalen bayan rasuwarta. Ya sake tohowa. Har yau ba mai cin sa.

Da damina na kai 'yata gidanmu na ƙauye, mai sunan Yaya, ba ta daɗe da aure ba. Na matsa mata ta fara shan ƙwayar tun kafin ciki, kamar yadda likita ya ce. Da azahar na neme ta na rasa. Sai ga ta a bayan gida, ta tsuguna a gindin zogalen tana tauna. Ba wanda ya taɓa ba ta labarin.

Wata tsohuwar maƙwabciya ta riƙo rigata. "Malam, janye ta daga nan! Ka manta?"

Ban manta ba. Da karatuna da komai, sai da ƙafata ta ɗaga. Sannan na tsaya.

"Inna, ƙyale ta," na ce. "Bari wannan Hannen ta ƙoshi."

Allah Ya jiƙan Yaya.