Mai Hatimin Mayankarmu Ya Ajiye Aiki

Kafin a kayar da sa na farko, yana tsaye a bakin ƙofar mayanka da takalmin roba da farar rigar da wanki ya cinye wuyanta. Wuƙa biyu a ƙugu, hatimi da tawada a aljihu. Aikinsa duba nama. In an feɗe sa an rataye, sai ya tsaga huhu, ya juya hanta, ya leƙa ƙarƙashin harshe. In lafiya lau, ya buga shuɗin hatimi a cinya da karfata. Naman da ba shi da wannan shuɗin, asibiti ba ta saye, makarantar kwana ba ta saye, sai dai a lallaɓa da shi ta bayan fage.

Ni mahauci ne, kuma na zagi mutumin nan fiye da a ƙirga. A gabansa Baba muke ce masa. In ya juya baya kuwa, Ƙi-Sabo. Shekara talatin da ɗaya muna shan shayi a benci ɗaya, amma sabon bai taɓa sa ya kau da kai ko sau ɗaya ba.

Akwai wani sa da na turke wata bakwai, dusa da harawa har sai da ya yi ƙiba sosai. Tozonsa kaɗai abin kallo ne. Da aka feɗe shi, kitse ya rufe ko'ina, abokan sana'a har suna yi mini barka. Baba ya tsaga huhun, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tarin fuka ne. Rami za shi."

Na ce, "Haba Baba! Dubi kitse fa!"

Ya ce, "Kitse ba shaida ba ne, ɗana. In ka yarda a dafa wa 'yarka wannan, kawo in buga."

Ban kawo ba. Ina kallo aka zuba wa wahalar wata bakwai kananzir, aka tura rami. Na yi shekara ba na amsa gaisuwarsa, shi kuma bai fasa gaishe ni ba.

Watan jiya ne abin ya faru. Ya duba wani bijimi, ya buga masa hatimi, motar nama ta kwashe zuwa kasuwa. Can da hantsi yana wanke teburinsa, hannunsa ya taɓa huhun bijimin nan da aka manta a cikin daro. Ya ji ƙuraje kamar tsakuwa. Abin da ido bai gani ba, yatsa ya ji.

Babu wanda ya sani sai shi. Da ya jefa huhun a rami, magana ta mutu. Sai ga dattijo ya bi kasuwa da ƙafa, ko takalmin robar bai cire ba, tebur bayan tebur yana cewa, "Ku dakata da naman nan, ni na yi kuskure." Ya kwaso karfata biyu, haƙarƙari da cinya ɗaya. Ɗayar cinyar an riga an yayyanka ta, an sayar tsoka-tsoka. Da idona na gan shi a ƙofar kasuwa yana roƙon mata su buɗe ledarsu. Wata ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Wasu suka yi dariya suka wuce. Ban taɓa jin tausayin babban mutum irin na ranar ba.

Washegari ya miƙa hatimin a ofis. Suka ce ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa, ai kowa na kuskure. Ya ce, "Yana ce ta rufe mini ido. Wanda ba ya gani ba ya zama shaida."

Yanzu an kawo wani. Waya a kunne, hatimi a hannu, bugawa yake kamar mai kashe sauro. Wasunmu har murna suke, wai an huta. Ni kuwa ba na murna, don na san abin da ramin nan ya haɗiye a shekara talatin, kuma tun da Baba ya tafi ba a zuba masa ko hanta ɗaya ba.

Na je gaishe shi ranar hutu. Matarsa ta ce mini ko tari ya ji a layi sai ya tambaya ɗan gidan waye. Yana jin muryata ya ce, "An gano waɗanda suka sayi cinyar nan?"

Na ce, "Ba a gano ba, Baba."

Ya sunkuyar da kai.

Baba, kai ne katangar da muka yi ta jifa alhali a bayanta 'ya'yanmu suke kwana. Na gode, kuma ka yafe mini bakina. Ku kuma masu riƙe da hatimi, a mayanka ne ko a ofis, ku duba kafin ku buga, in kun kuskure ku bi sawu da ƙafarku. Garin nan ya ci naman dubban shanu lafiya saboda mutumin nan, ba wanda ya taɓa tako ƙofarsa ya ce sannu. Shi kuwa cinya ɗaya ta hana shi sakewa har yau.